Ƙwallon Hutu a Bayan Masaƙa

Ƙwallon ta wuce saman raga ta faɗa cikin kwatar da ta bi ta bayan fili, wasa ya tsaya. Babu wanda ya yi saurin zuwa ɗauko ta. Ruwan kwatar daga wani kamfanin rini yake gangarowa, yau shuɗi ne, makon jiya ja ne, kuma duk wanda ya taɓa tsoma ƙafa a ciki ya san ƙaiƙayin da ke biyo baya. Sai da alƙalin wasa ya gaji da busa usur sannan mai tsaron raga ya samo doguwar gora ya jawo ta, ya goge ta da ciyawa.

Malam Labaran na zaune a kan bencin da aka aro daga masallacin ma'aikata, ya miƙe ƙafarsa ta hagu saboda gwiwar da ke damunsa duk damina. Tun da aka shiga dogon hutu, kowace Asabar a nan take yi masa, a filin da ke bayan wata tsohuwar masaƙa a Sharada, wadda aka rufe tun ba a haifi yaran da ke wasan ba. Malamin wasanni ne, a bakin filaye irin wannan gashinsa ya yi fari, baɗi kuma zai ajiye aiki.

Kwamitin wasannin makarantun shiyya ne ya ɗora masa wannan ɗawainiya. Bana da zarar an koma makaranta za a fara gasar jiha, babu lokacin wasannin share fage, kuma makaranta ɗaya tak shiyyar za ta tura. Sai kwamiti ya ce a duba gasar hutu a fitar da ita. Ba dole sai wadda ta ɗauki kofi ba, wadda dai Malam Labaran ya ga ta fi cancanta. A wajen taron ya faɗa musu cewa ƙwallon hutu daban, ƙwallon makaranta daban. Suka ce ai shi ya sa suka nemi mai ido irinsa. Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka bar shi da aikin.

Yau ce ranar ƙarshe. Wasan da ake yi yanzu na neman matsayi na uku ne, tsakanin 'yan Tudun Masaƙa, makarantar gwamnatin da ke cikin unguwar, da wata makaranta daga wajen Dakata.

Aka dawo da ƙwallo. Mai tsaron ragar Tudu ya gangara ta ga ɗan baya, ɗan baya ya miƙa wa Nura.

Saboda Nura ne Malam Labaran bai taɓa makara ba in 'yan Tudu ke da wasa. Siririn yaro ne, ajin ƙarshe zai shiga in an koma. Ba shi da wani gudu, amma kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Ya tare ta da cikin ƙafa, ya juya, waɗanda suka taho masa suka wuce kamar an hankaɗa su, ya zura ta tsakanin 'yan baya ko kai bai ɗaga ba. Ɗan gabansu ya same ta, daga shi sai gola. Ta shiga.

'Yan kallo, yawancinsu leburori da masu adaidaita sahu da suka jingine kekunansu a inuwar katangar masaƙa, suka ɗauki ihu. Malam Labaran bai yi ihu ba. Ya dai gyara zama, ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, irin wanda yakan yi shekaru bai ji ba.

Haka suka yi ta yi har tsakiyar zagayen farko. Ƙwallo ƙasa-ƙasa, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake kamar da zare aka ɗaure su. Suka ƙara ta biyu. Daga nan sai abin da Malam Labaran ya saba gani ya fara. Ƙafafu suka yi nauyi. Ɗan bayansu na dama ya daina hawa, can kuma da ya hau sai ya kasa dawowa. Nura ya riƙa dafa gwiwa duk lokacin da ƙwallo ta fita. Kafin hutun rabin lokaci 'yan Dakata sun farke ɗaya, da aka dawo suka zuba musu uku a jere, ba don sun iya ba, sai don su har yanzu suna iya gudu. Aka tashi huɗu da biyu.

Yaran Tudu ba su ma nufi wajen kocinsu ba. Inda usur ɗin ƙarshe ya same su, nan suka zube. Ɗaya ya jawo rigarsa ya rufe fuska, kafin a gama gaisawa har barci ya kwashe shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Kocin nasu, Sagir, ya taho wajen bencin ya durƙusa. Ɗalibin Malam Labaran ne a da, yanzu shi ke koyar da wasanni a Tudun Masaƙa.

"Malam, barka da rana. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Tashi ka zauna."

Sagir bai tashi ba. "Kun dai ga farkon wasan."

"Na ga ƙarshensa ma."

"Malam, daga wajen aiki suke. Fiye da rabinsu a kamfanin leda suka kwana, a tsaye gaban inji, sai da gari ya waye aka tashe su. Wasu ko gida ba su je ba, a famfon masallaci suka wanke fuska suka sa riga. Wa zai yi wannan ya zo ya yi gudu har ƙarshen wasa?"

"Na sani, Sagir. Duk hutu haka ake yi."

"To ai in an koma makaranta za su yi barci. Abin da kuka gani a farko, shi za a gani har a tashi. Wallahi ban ga makarantar da za ta tsaya gabansu a jihar nan ba."

Malam Labaran ya dubi yaran da ke warwatse a ciyawa. "Na huɗu kuka zo. Me zan faɗa wa kwamiti?"

"Ku faɗa musu abin da idonku ya gani." Sagir ya waiga, ya rage murya. "Akwai kuma wata magana. Ƙarshen watan nan kamfanin zai ɗebi ma'aikata na dindindin. Yaran nan sun ɗanɗana abin da ake ba su duk mako, makaranta ta fara fita daga ransu. Gasar jihar nan ce kaɗai abin da nake riƙe su da shi. In aka ce mu ne, za su dawo aji. In aka ce ba mu ba ne, ban san wa zan tarar ba ranar da aka koma."

"Har da Nura?"

"Ai Nura suke kallo. Inda ya yi, nan za su yi."

Malam Labaran ya sake duban yaran. Ƙwallo aka ce ya auna, ga shi ana ɗora masa wani abu daban a kan sikelin. Ya tambayi sunan kamfanin da layin da yake, Sagir ya faɗa masa, ya koma yana tashin yaransa ɗaya bayan ɗaya su je gida su kwanta.

Bayan Azahar hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya cak, bai zuba ba bai wuce ba. Gari ya yi ɗumi, iska ta riƙa kaɗo warin jimar fata daga wajen Challawa. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Alhaji Muhammad Nazir, shugaban kwamiti, ya iso da kofi a kujerar bayan motarsa.

Wasan ƙarshe tsakanin Kwalejin Hasken Gobe ne, makarantar kuɗi ta wajen Bompai, da Sakandaren Gidan Jima ta Challawa.

'Yan Haske suka sauko daga bas ɗinsu cikin sababbin riguna masu lamba. Tun farkon gasa babu wanda ya ci su. Malam Labaran ya san dalili, kowa ma ya sani. Ɗan gabansu mai lamba tara, Malam da kansa ya koyar da shi, ya gama sakandare tun tuni, yanzu lodin tirela yake yi a Dakata, har ya yi aure. Da ya hango Malam sai ya rusuna daga nesa, yana shafa haɓar da aka aske ƙwal da safe. Irinsa sun kai rabin tawagar. Ba kuma a karya doka ba, domin gasar hutu ba ta taɓa tambayar kowa katin makaranta ba. Kocinsu ya riga ya yi bayani tun makon farko: ainihin yaransa ba sa gari, wasu sun tafi Abuja wajen 'yan'uwa, wasu iyaye sun sa su darasin hutu, tsofaffin ɗalibai da abokan arziki ne ke riƙe wa ƙannensu wuri. Yaran sun iya ƙwallo, in ji shi. Wataƙila gaskiya ne. Malam Labaran dai bai taɓa sa su a ido ba.

'Yan Jima kuwa a adaidaita sahu suka zo, an cusa su kamar buhuna, ragowar a kan kekuna. Rigunan wasannin makaranta ne a jikinsu, koren ya koɗe ya koma ruwan toka. Yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan gefen Challawa ne, da safe su je gona, da dare su kwanta. Mai kawo su Malam Mamman ne, malamin lissafi, dattijo mai tabarau, wanda aka bar wa ƙwallo saboda makarantar ba ta da malamin wasanni. Bai san ƙwallo ba, kuma ba ya ɓoyewa. Abin da ya sani fuskokin ɗalibansa. Yaron da bai gani a aji ba zangon da ya wuce, ba zai sa masa riga ba, ko da kuwa da ƙafarsa ake rantsuwa a unguwa.

Wasansu babu daɗin kallo. Su taru a baya, su doka ƙwallo gaba, su bi ta da gudu. Da haka suka lallaɓo har wasan ƙarshe, yau kunnen doki, gobe ɗaya da nema. 'Yan Tudu ma a bugun fenariti suka fitar da su, bayan sun sha wuya a farko sun jira ƙafafun Tudu sun mutu.

Yau ma haka suka fara. Malam Mamman na tsaye a bakin layi, ya naɗe ƙafar wandonsa saboda taɓo, umarni ɗaya kawai yake bayarwa ko ƙwallo na ina.

"Ku koma gida! Ku koma gida!"

Suka koma gida, suka toshe. Akwai wani gajeren ɗan baya da aka haɗa da mai lamba tara. Duk karon da suka yi sai yaron ya sha ƙasa, ya tashi ya karkaɗe wando ya sake manne masa. Har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Amma ƙashin babba ba ɗaya yake da na yaro ba. Da aka dawo, a bugun kusurwa mai lamba tara ya tashi sama ya bar kowa a ƙasa, ya sa kai. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka tashi uku da nema.

Aka ba da kofi, aka ɗauki hotuna. Ana cikin haka ruwan ya tsinke, mutane suka watse, masu rumfa suka shiga kokawa da tamfol. Alhaji Muhammad Nazir ya yafito Malam Labaran cikin mota.

"To, Malam, an gama, alhamdu lillahi. Ni a ganina aikinka ya zo da sauƙi. Ga masu kofi nan."

"Alhaji, masu kofin nan ba ɗalibai ba ne."

"Na sani, ina da ido. Amma makarantar ai tana da ɗalibai, tana da bas, tana da kaya. In muka tura su babu mai tambayarmu dalili. In muka tura wasu, sai na gaji da amsa waya." Ya cire hula ya share gumi. Ba mugun mutum ba ne Alhaji, mutum ne mai son a gama abu a tashi. "Kai wa ka gani?"

"In ƙwallo ake tambaya, ban ga kamar 'yan Tudu ba."

"Na huɗu?"

"Na huɗu."

Alhaji ya yi 'yar dariya ta gajiya, ya mayar da hularsa. "Kai aka ba magana. Abin da ka ce shi zan kai ofis ranar Litinin, kuma zan tsaya a bayanka. Amma ka tabbata, Malam. Kada mu tura sunan makaranta, ranar wasa a ga abin kunya. Ka kira ni kafin Isha. In sauke ka a hanya?"

"A'a, akwai inda zan biya."

Da ruwan ya tsagaita ya yi La'asar a masallacin ma'aikata, ya tari adaidaita sahu. Maimakon Na'ibawa, inda gidansa yake, sai ya ce a shiga da shi cikin layukan kamfanoni. Titin duk ramuka ne cike da ruwa, tireloli sun yi layi a gefe, direbobinsu sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Suka wuce kamfanoni da dama da ciyawa ta rufe ƙofofinsu, jefi-jefi a ga wanda hayaƙi ke fita daga bututunsa. Kowane rami suka faɗa sai ya ji shi a gwiwa.

A bakin kamfanin ledar har an fara taruwa, masu shiga aikin dare suna jiran masu fitowa. Mata sun jera tukwanen shinkafa da wake da awara a jikin katanga. Ana ta hira, Hausar Kano da ta Haɗeja da ta Damagaram duk a cakuɗe. Ƙugin injuna na fitowa daga ciki ba ya yankewa, har bencin mai shayi da Malam Labaran ya zauna a kai yana jin rawarsa.

Ya jima kafin ya hango Nura yana tahowa cikin silifa, da ƙullin abinci a hannu, idanunsa jajur irin na wanda aka tasa barci bai ishe shi ba. Da ya ga Malam sai ya yi turus, sannan ya ƙaraso ya durƙusa.

"Malam, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Zauna nan." Ya sa aka haɗa masa shayi. "Ka san aikin da aka ba ni?"

"Koci ya faɗa mana."

"To tambaya zan yi maka, kuma ba na son ka faɗi abin da kake jin ina so in ji. In na ce makarantarku ce za ta je gasar jiha, za ka koma aji?"

Nura ya riƙe kofin shayin da hannu biyu, ya dubi ƙofar kamfani, ya dubi ƙasa.

"Malam, sun ɗauke ni. Shekaranjiya manaja ya kira ni. Na iya injin yanka, ba sa son su sake koya wa wani."

"Ka amsa?"

"Na amsa."

"Shekara ɗaya fa ta rage maka, Nura."

"Shekara ɗaya da yawa ce a gidanmu, Malam." Ba da kuka ya faɗa ba, kamar dai mai faɗin inda rana ke fitowa. "Baba tun da aka rufe kamfaninsu bai sake samun aiki ba, yanzu ma ƙirjinsa ba ya barinsa ya yi nisa. Ni ne babba. Ƙannena suna makaranta, ƙanwata Ihsan ma ta fi ni kai. Gara ni in tsaya su su wuce."

"Sauran 'yan wasan fa?"

"Golanmu ya amsa, ɗan gabanmu ma. Akwai waɗanda ba su yanke ba tukuna."

"Sagir ya sani?"

Nura ya girgiza kai. "Na kasa faɗa masa. Kullum ya gan ni maganar gasar jiha yake yi. Takalmin da nake wasa da shi ma shi ya ba ni nasa." Ya kurɓi shayi, sai kuma fuskarsa ta ɗan washe, ya matso. "Amma Malam, in ranar Asabar ake wasannin, zan iya neman canji. Akwai wani ɗan Maraɗi da muke musanya aiki da shi, ba ya ƙi. Sunana ai yana nan a makaranta, ba a cire ba. Sai in riƙa zuwa wasa kawai. Su gola ma za su yarda."

Malam Labaran ya dube shi. Abin da ya ba shi tsoro shi ne yadda zuciyarsa ta yi saurin karɓar maganar. Har ya hango yaron a babban filin cikin gari, a kan ciyawar da aka gyara, mutane sun cika suna ganin abin da shi kaɗai yake gani daga kan bencin aro. Babu mai tambaya. Sagir zai rufe ido, shugaban makaranta zai yi murna, Alhaji zai samu tawagar da ba za ta ba shi kunya ba. Wataƙila ma wani mai neman 'yan wasa ya gan shi. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da duk wannan.

"A'a, Nura," ya ce. "Gasar ɗalibai ce."

Nura ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama ya san amsar, ya dai gwada ne. Ya shanye shayin.

"To wa za ku ba?"

"Kai wa za ka ba?"

"'Yan Jima ba su iya ƙwallo ba, Malam." Ya yi ɗan murmushi. "Amma ba sa gajiya. Ranar da muka yi da su, gajeren nan nasu yana bi na yana yi mini sannu. Duk inda na juya yana nan, wai sannu yayana. Har yanzu haushinsa nake ji."

Jiniyar kamfani ta ɗauka. Ƙofa ta buɗe, masu fitowa suka fara tuɗaɗowa, fuskokinsu a yamutse, masu shiga suka miƙe. Nura ya ɗauki ƙullin abincinsa.

"Malam, don Allah ku bar ni in faɗa wa Koci da bakina. Gobe in na tashi zan je gidansa. Kada ya ji a wani wuri."

"To, na bar maka." Har yaron ya juya, sai Malam ya kira shi. "Nura. Ƙwallon nan ta farko da ka zura yau."

"Na'am, Malam?"

"Na daɗe ban ga irinta ba."

Nura ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce na gode, ya ruga ya shiga layi. Maigadi ya laluba aljihunsa ya duba ƙullin abincin, ya tura shi ciki. Malam Labaran ya bi bayan rigarsa da kallo har ta ɓace cikin sauran riguna.

Ya yi Magariba a wani ɗan masallacin langa-langa da ke gefen titi. Bayan an idar bai tashi ba. Yana tunanin waɗanda Nura ya ce ba su yanke ba tukuna. Wataƙila in ya ce Tudu, ɗaya ko biyu su koma aji saboda gasar. Wataƙila kuma su koma, a fitar da su a wasan farko babu Nura babu gola, su dawo bakin wannan ƙofa kafin zango ya yi nisa. Ba shi da hanyar sani. Wata guda yana kallon ƙwallo, kuma abin da ya kalla bai gaya masa komai a kan wannan ba.

Ya fito ya tsaya a jikin wata tirela, ya kira Alhaji.

"Gidan Jima," ya ce.

"Wa? Waɗanda aka ci uku da nema a gabana?"

"Su."

"Ɗazu fa Tudu ka ce."

"Ɗazu ƙwallo ka tambaye ni."

Ana jin ƙarar cokali da kwano a kusa da Alhaji. "To me ka gani a wasan 'yan Jima da ni ban gani ba?"

"Babu. Wasansu ba shi da kyau, kuma ba na jin za su yi nisa. Amma duk cikin waɗanda muka kalla, su kaɗai ne ranar da aka koma makaranta za mu tarar da su yadda muka gan su."

Alhaji ya ja dogon numfashi. "Za a yi surutu, Malam. 'Yan Haske ba za su bar ni ba."

"Ka ba su lambata."

"Zan ba su kuwa. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Bai gama mayar da wayar aljihu ba ta ɗauki ƙara. Sagir ne. Ya tsaya yana kallon sunan a fuskar wayar. In ya ɗauka dole ya faɗi hukuncin, in ya faɗi hukuncin dole a tambaye shi dalili, dalilin kuwa ya yi alkawarin ba daga bakinsa zai fito ba. Yau Sagir zai kwana yana ganin malaminsa ya watsar masa da yara. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta yanke. Ta sake ɗauka, ta sake yankewa.

Sai ya lalubo lambar Malam Mamman. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali, sannan ya faɗa masa.

"Mu?" in ji Malam Mamman. "Malam Labaran, ko dai ka rikita suna ne?"

"Ban rikita ba. Ku ne."

Ana jin muryar yara da rediyo daga can cikin gidan.

"Za a ci mu da yawa fa."

"Za a ci ku."

"To, Allah ya ba mu haƙuri." Ya yi gyaran murya. "Ni ka san ban da in ce musu ku koma gida babu abin da na iya. Yaran kuma suna da jin magana, duk abin da aka nuna musu suna riƙewa, mai nuna musu ne babu. Ko za ka riƙa leƙo mu da yamma kafin a koma? Filin namu yana bayan kamfanin jima. Akwai wari, amma ana sabawa."

Malam Labaran ya dubi titi. Duhu ya fara sauka, fitilun adaidaita sahu na rawa cikin ruwan ramuka, wani mai keke ya rage gudu yana kiran Na'ibawa. Tun da safe yake faɗa wa kansa cewa daga yau ya gama da bakin fili, sai dai ya ji sakamako a rediyo kamar kowa. Ya ɗaga wa mai keken hannu ya jira shi.

"Ƙarfe nawa kuke fitowa?" ya ce.